Igiyoyin Haske

Daren Laraba a Yantala, kuran ya ɗauke,
saura kashi talatin da ɗaya a batir.
Manhajar asibiti ce a gabana,
guntaye ɗari huɗu da goma sha biyu,
kowanne ya jingina da wani,
wanin ma ba da ƙafarsa yake tsaye ba.

Na ce wa na'ura ta zana mini su.
Ta zana.
Layi miƙaƙƙe daga wannan zuwa wancan,
daga wancan zuwa ko'ina,
har allo ya cukurkuɗe
kamar komar masunci a bakin ruwan Gamkalle
ranar da ta kamo ƙaya maimakon kifi.
Babu layin da ya yi ƙarya a ciki,
amma ban gane komai ba.

Sai na tuna Baba Mantau a kasuwar Tawa,
kaba a cinya, tafi yana murzawa.
Bai taɓa jan sili ya miƙe ba,
lallaɓa shi yake ya kwanta jikin ɗan'uwansa,
su karkata tare,
har su isa ɗaukar guga.

Na sake rubuta umarni.
Na ce: kada layi ya ƙara tsallake katanga.
Ya fita ta zauren gidansu,
ya bi lungun danginsa,
ya gaida unguwa a bakin titi,
sannan ya gangara inda aka aike shi.
In ya tarar da masu tafiya wajen,
su jera.

Akwai wata lamba tsakanin sifili da ɗaya.
In na sassauta, komar nan ta dawo.
In na ɗaure tamau, duk su zama gammo guda,
ba ka sanin wa ya fito daga ina.
Na yi ta murzawa, sauro na cin idon sawuna,
na tsaya a tamanin da biyar cikin ɗari.

Allo ya numfasa.

Ga su sun lanƙwasa kamar burtali
da shanu suka taka shekara da shekaru
ba wanda ya shata musu.
Ga ɗakin magani yana riƙe da rigar mai kuɗi,
mai kuɗi na riƙe da ta ɗakin magani,
suna ta zagaye, kowa na bin kowa bashi.
Wannan gobe zan raba su.

Amma igiyar da ta fi kauri,
wadda haihuwa da allura da ɗakin gwaji
duk suka zuba silinsu a ciki,
na bi ta da yatsa har ƙasan da'ira.
Wani ɗan guntu ne, layi arba'in,
Sahabi ya rubuta shi shekara uku da suka wuce
don lissafa shekarun tsofaffi
waɗanda takardarsu ta ce
an haife su wajen shekara kaza,
ba wata, ba rana.
Sahabi da aka sallama ba ko shayi,
yanzu yana auna albasa a Galmi.
Asibiti guda na rataye a wuyansa
bai sani ba.

Can gefe kuma, wani ɗigo shi kaɗai,
babu zaren da ya je, babu wanda ya fito.
Na matso da fuska.
Nawa ne.
Wata biyu na yi ina ƙawata shi,
har na nuna wa shugaba a taro.

Na yi dariya, maigadi ya leƙo da tocila.

Saura kashi huɗu.
Na adana hoton, na tura Galmi,
na rubuta a ƙasa: dubi inda hanyoyi suka taru.
Kafin ya nuna ya isa
fanka ta motsa da kanta,
ladan na Yantala ya gyara murya.